Shirye-shiryen Talabijin na Intanet da Matsalar Bambancin Manhajojin Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

A ƙaddara an tura wani ɗalibin Hausa koyon aikin koyarwa a wata ƙaramar sakandare da ke Ruwan Bago, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Rogo a yammacin jihar Kano, can kusa da iyakar jihohin Katsina da Kaduna. Darasinsa na wannan mako shi ne wasan kwaikwayo na talabijin. Kafin ya baro birni ya biya kuɗin shiga wata tashar intanet, ya sauke kashi ɗaya na wani shiri mai dogon zango a cikin wayarsa. Ranar darasi ya so mayar da shirin cikin kwamfutar makaranta domin kowa ya gani a babban allo, sai ya tarar shirin ba ya fita daga cikin manhajar tashar. Ya nemi manhajar domin ya ɗora wa kwamfutar, ya tarar don waya kawai aka yi ta. Ya garzaya shagon mai tura finafinai aka sa masa wani shirin a memori, kwamfutar ta kawo magana ba hoto. Daga ƙarshe yara arba'in suka yi cincirindo a kan waya guda.

Abin da ya sami wannan ɗalibi ba rashin sa'a ba ne, ba kuma laifin kwamfutar ba ne. Dalilansa sanannu ne, kuma suna da tarihi. Wannan darasi zai dubi yadda bambancin manhajojin da ke sarrafa na'urori yake hana shiri isa ga masu kallo, da hanyoyin da aka bi wajen rage matsalar, da kuma inda ta shafi harshen Hausa kai-tsaye. Hujjar da darasin ya ginu a kanta ita ce, shiri ba ya isa ga kowa sai an zuba shi a bisa ƙa'idar da kowace na'ura ta sani, kamar dai yadda rubutu ba ya karantuwa a Sakkwato da Haɗeja da Damagaram baki ɗaya sai an bi daidaitacciyar ƙa'idar rubutu.

2.0 Mece ce Babbar Manhaja?

Kalmar manhaja ararriya ce daga Larabci, kuma a da ba a san ta ba sai a fagen ilimi, inda take nufin tsarin darussan da za a koyar. Zuwan kwamfuta da wayar hannu ya faɗaɗa ma'anarta, ta koma tana nufin duk wani tsararren umarni da aka ɗora wa na'ura domin ta yi wani aiki. Wannan faɗaɗawa ta yi amfani, amma ta zo da ruɗani, domin abubuwa biyu mabambanta ne suke amsa sunan guda. Akwai manhajar da take yin aiki ɗaya tak, kamar ta kallon bidiyo ko ta aika saƙo. Akwai kuma wadda take riƙe da ragamar na'urar gaba ɗaya, wadda in babu ita na'urar ba za ta ko tashi ba. A wannan darasi za a kira ta farko ƙaramar manhaja, ta biyu kuma babbar manhaja.

Matsayin babbar manhaja a cikin na'ura kamar na sarkin kasuwa ne. Ba ya saye ba ya sayarwa, amma shi yake raba rumfuna, shi yake faɗin inda za a kasa kaya, kuma baƙon da bai bi ta hannunsa ba ba zai sami wurin zama ba. Haka babbar manhaja take raba wa ƙananan manhajoji wurin ajiya da allo da lasifika da hanyar shiga intanet. Kowace kasuwa kuwa da irin dokarta, shi ya sa ƙaramar manhajar da aka tsara domin wata babbar manhaja ba ta aiki a kan wata sai an sake gina ta.

Fitattun manyan manhajoji na kwamfuta uku ne. Akwai ta kwamfutocin Macintosh na kamfanin Apple, waɗanda suka fito a 1984, wadda a yanzu ake kira macOS. Akwai Windows ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito a 1985. Sai Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991, ita kuma ba mallakar wani kamfani ɗaya ba ce, kowa yana da damar ɗauka ya gyara. Ta fuskar waya akwai iOS ta iPhone, wadda ta fito a 2007, da Android ta kamfanin Google, wadda wayarta ta farko ta shiga kasuwa a 2008. Mafi yawan manyan wayoyin da ake gani a hannun jama'a a ƙasar Hausa, irin su Tecno da Itel da Infinix, Android ce a cikinsu. Manyan manhajoji suna mutuwa ma. Symbian ta tsofaffin wayoyin Nokia ta shuɗe, Microsoft ta daina kula da Windows ta waya a farkon 2020, tsohuwar manhajar BlackBerry kuma aka rufe hidimarta a Janairun 2022. Duk shirin da aka ɗaure shi da ɗaya daga cikinsu, tare suka tafi.

3.0 Matsalar ta Girmi Intanet

Talabijin ya fara aiki a Nijeriya a Ibadan a 1959, sannan a Kaduna a 1962. A nan ne da sauran tashoshin da suka biyo baya, irin su CTV 67 ta Kano wadda daga baya ta koma ARTV, aka raini wasannin da suka yi suna kamar Samanja da Ƙarkuzu da Kuliya Manta Sabo. A wancan zamani duk mai akwati da eriya a inda tashar take kaiwa zai kalla, ba a tambayar wane kamfani ya ƙera akwatinsa, saboda ƙasar gaba ɗaya tsari guda take bi, wato PAL.

Da an tsallaka iyaka kuwa sai labari ya sha bamban. Jamhuriyar Nijar ta bi tsarin Faransa mai suna SECAM, Amurka kuma tana da nata mai suna NTSC. Bakatsine da Bamaraɗe harshensu ɗaya, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai wuni ba, amma akwatin da aka yi domin tsarin wannan ba ya kawo tashar wancan yadda ya kamata: launi ya ɓace, sau da yawa har da magana. Maganin da 'yan kasuwa suka samo shi ne shigo da akwatuna da bidiyoyi masu karɓar kowane tsari. Wannan ya nuna tun farko cewa hanyoyin warware irin wannan matsala biyu ne: ko dai masu watsa shiri su haɗu a kan ƙa'ida ɗaya, ko kuma mai kallo ya sayi na'urar da ta iya duk ƙa'idojin. Ta farko nauyinta yana kan mai shiri, ta biyu kuwa aljihun talaka take ci.

4.0 Rikicin iPlayer a Birtaniya

Misalin da ya fi fito da wannan batu fili a zamanin intanet ya faru ne a gidan BBC, gidan da Hausawa suka sani tun da ya buɗe sashen Hausa a 1957. A ranar 27 ga Yuli, 2007, BBC ta buɗe gwajin wata hidima mai suna iPlayer, wadda za ta bai wa mazauna Birtaniya damar sauke shirye-shiryen talabijin da aka nuna cikin kwana bakwai da suka wuce, su ajiye har tsawon kwana talatin kafin shirin ya rufe kansa. Sai dai hidimar ba ta aiki sai a kan kwamfuta mai Windows XP, tare da burauzar Internet Explorer da manhajar kallo ta Windows Media Player, dukkansu na Microsoft. Masu Macintosh da masu Linux ba su da rabo. Abin mamaki, har waɗanda suka sayi sabuwar Windows Vista, wadda ta fito a farkon wannan shekara, ba a sa da su ba a tashin farko.

Da kamfani ne mai zaman kansa da ba a ɗaga murya sosai ba, domin mai kaya yana da ikon zaɓen wanda zai sayar wa. Amma BBC da kuɗin lasin talabijin take gudana, wanda duk gidan da ke kallon talabijin a ƙasar yake biya. Hujjar masu ƙorafi ita ce, tun da ba a tambayi irin kwamfutar mutum ba sa'ad da ake karɓar kuɗinsa, bai kamata a tambaye shi ba sa'ad da ya zo kallon abin da aka yi da kuɗin. Sun ƙara da cewa hukumar al'umma ba ta da hurumin tilasta wa jama'a zama abokan cinikin wani kamfani guda. Wata ƙungiya mai suna Open Source Consortium ta kai kuka ga hukumomi, sannan mutane fiye da 16,000 suka sa hannu a takardar koke da aka buɗe a shafin intanet na ofishin Firayim Minista.

Ita ma BBC tana da tata hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Yawancin shirye-shiryen da take nunawa ba ita kaɗai ke da haƙƙin mallakarsu ba. Akwai kamfanonin da suka shirya, da marubuta, da 'yan wasa, da mawaƙa, waɗanda suke sa ran sayar da shirin a faifai ko ga tashoshin ƙetare. Waɗannan ba za su yarda a saki kayansu a intanet ba sai da makullin da zai hana kwafa, ya kuma kashe shirin in wa'adi ya cika. Makullin da BBC ta ga ya biya wannan buƙata a lokacin shi ne na Microsoft, shi kuwa a kan Windows yake aiki. Wato dai ba hoton ne ya ƙi shiga sauran kwamfutoci ba, makullin ne.

Hukumar amintattu da ke sa ido a kan BBC a lokacin ta gindaya sharaɗin cewa dole hidimar ta isa ga kowace babbar manhaja, ta kuma ce za ta riƙa bin diddigin lamarin duk wata shida. A Disambar 2007 aka buɗe hanyar kallo kai-tsaye a cikin burauza ba tare da saukewa ba, wadda ta yi aiki a Windows da Macintosh da Linux. A Maris na 2008 aka ƙara da iPhone, sannan a Disambar 2008 masu Macintosh da Linux suka sami damar saukewa. Abin lura a nan shi ne, da aka sauƙaƙa hanyar ba 'yan tsirarun da suka yi ƙorafi kaɗai suka amfana ba, har masu Windows ɗin sun fi raja'a ga kallo a burauza, saboda ya fi sauƙi. Gyaran da aka yi domin na gefe shi ya zama babbar ƙofar kowa.

5.0 Wuraren da Ƙofa Take Rufewa

5.1 Matse Hoto

Hoton bidiyo yana da nauyi ƙwarai. A tsarin PAL hotuna 25 ne suke wucewa a kowace daƙiƙa, kowanne yana da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, wato ɗigo 414,720. In aka bai wa kowane ɗigo bait uku domin launinsa, daƙiƙa ɗaya za ta ci kimanin megabait 31, awa guda kuma fiye da gigabait 110. Da wuya layin waya ya ɗauki wannan. Saboda haka dole a matse hoton, a zubar da abin da ido ba ya lura da shi da abin da ya maimaitu daga hoto zuwa hoto. Dabarar matsewa da warwarewa ita ake kira kodek, kuma tana da iri-iri. Faifan VCD, wanda ya yi tashe a kasuwar finafinan Hausa bayan kaset, da MPEG-1 yake aiki. A 2003 aka fito da H.264, wanda har yau shi ya fi kowanne karɓuwa. Bayansa an yi H.265 da VP9 a 2013, da AV1 a 2018, waɗanda suka fi shi iya matsewa amma tsofaffin na'urori da yawa ba su san su ba.

A nan ɗalibai sukan ruɗe, domin sukan ɗauka sunan da ke ƙarshen fayil, kamar MP4, shi ne komai. MP4 buhu ne kawai. Buhu iri ɗaya yana iya ɗaukar gero ko dawa ko masara, kuma sai an kwance bakinsa ake sanin abin da ke ciki. Fayiloli biyu suna iya zama MP4, ɗaya H.264 ne a cikinsa, ɗaya H.265. Kwamfutar makarantar da ta kawo magana ba hoto ta buɗe buhun, ta gane kodek ɗin sauti, ta kasa gane na hoto.

5.2 Hanyar Isarwa

A farkon zamanin intanet burauza ba ta iya nuna bidiyo da kanta, sai an liƙa mata wata 'yar manhaja. Kowane kamfani ya fito da tasa: RealPlayer da QuickTime da Windows Media, daga baya Flash da Silverlight. Flash ce ta yi rinjaye, da ita YouTube ta fara a 2005, ita ce kuma ta fitar da BBC kunya a 2007. Amma an gudu ne ba a tsira ba, domin Flash ma mallakar kamfani ɗaya ce, wato Adobe. Apple bai taɓa yarda da ita a iPhone ba, kuma a Afrilun 2010 shugabansa Steve Jobs ya fito da wasiƙa yana kare wannan matsayi. Adobe ya daina kula da Flash ɗungurungum a ranar 31 ga Disamba, 2020.

Mafita ta zo ne daga W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, wadda ta tabbatar da ƙa'idar HTML5 a Oktoban 2014. Da ita kowace burauza take iya nuna bidiyo da kanta, ko a kan wace babbar manhaja take. YouTube ta koma kanta a Janairun 2015. Tare da haka an samar da dabarar yanka shiri gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa 'yan daƙiƙoƙi, a ajiye kowacce da ƙarfin hoto daban-daban. In sabis ya yi ƙarfi na'ura ta ɗauko mai kyau, in ya yi rauni ta koma ƙarama ba tare da shirin ya tsaya ba. Wannan ne dalilin da ya sa mai kallo a ƙauye yakan ga fuskar ɗan wasa ta dushe na ɗan lokaci sannan ta washe.

5.3 Makullin Haƙƙin Mallaka

A nan ne gizo yake saƙa har yanzu. Manyan makullai uku ne: Widevine na Google, da FairPlay na Apple, da PlayReady na Microsoft. Tashar da take son shirinta ya buɗe a ko'ina, kuma a kulle, sai ta tanadi fiye da ɗaya, abin da ƙaramin kamfani ba lallai ya iya ba. Masu Linux ba su sami kallon Netflix ta halastacciyar hanya mai sauƙi ba sai a 2014. Shi kansa Widevine hawa-hawa ne, wayoyi masu araha da yawa suna matakin ƙasa, don haka ko mai wayar ya biya kuɗi daidai da kowa ba za a ba shi hoto mafi kyau ba. A 2017 W3C ta amince da hanyar da burauza za ta riƙa hulɗa da waɗannan makullai, matakin da ya jawo gardama har ƙungiyar Electronic Frontier Foundation ta fice daga cikinta.

6.0 Yadda Lamarin Yake a Ƙasar Hausa

Tun daga Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, finafinan Hausa sun bi kaset, suka koma faifai, har kasuwar faifan ta durƙushe sakamakon satar fasaha da yaɗuwar waya da memori. A 2014 aka buɗe tashar Arewa24 a Kano, mai watsa shirye-shirye da Hausa dare da rana ta tauraron ɗan'adam, wadda ta fito da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Daga wajen 2020 shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka ja ɗimbin masu kallo a YouTube. An kuma sami tashoshin biyan kuɗi na intanet kamar Northflix, wadda ta fara a 2019.

Wanda ya kwatanta wannan da rikicin Birtaniya zai ga an juya lamarin. A can kwamfuta ce a gaba, masu Windows ne da rinjaye. A yankin Karaye da Rogo, kamar sauran karkarar ƙasar Hausa, wayar Android ce talabijin ɗin mutum, kwamfuta kuwa sai a ofis ko makaranta ko shagon buga takardu. Don haka mai shirin da zai yi manhaja ɗaya tak, ta Android zai yi, kuma ta fuskar ciniki ba za a ga baikensa ba. Waɗanda ake bari a baya su ne mai kwamfuta, da mai tsohuwar Android da sabuwar manhaja ta daina karɓa, da mai ƙaramar waya mai madannai. Abin takaici, aji yana cikin rukunin farko. Wurin da ya fi buƙatar babban allo shi ne wurin da ba a tuna da shi ba.

Bayan bambancin manhaja akwai tsadar data da raunin sabis da rashin wuta. Google ya taɓa fito da wata ƙaramar manhaja mai suna YouTube Go domin irin waɗannan wurare, ta shigo Nijeriya a 2017, tana ba da damar saukewa da tura wa na kusa ba tare da data ba, amma aka rufe ta a 2022. Wanda ya cike giɓin tun kafin nan, kuma har yau, shi ne mai turi. Yana zaune a shagonsa da kwamfuta da janareta ko sola, sau da yawa haɗe da sana'ar caji, ya sauke shiri sau ɗaya, ya rage masa nauyi, ya mayar da shi tsarin da kowace waya take ci, ya zuba wa mutane a memori da 'yan kuɗi kaɗan. Daga nan shirin ya ci gaba da yawo daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth. In za a faɗi gaskiya, mai turi ya warware matsalar bambancin na'urori fiye da yadda tashoshi da yawa suka yi. Sai dai in bai yi yarjejeniya da mai shirin ba, wanda ya zuba dukiyarsa ba ya samun ko kwabo, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Maris na 2023 ta haramta karya makullin da mai kaya ya sa.

Saboda haka kowane ɓangare yana da abin da zai rasa. In an kulle da yawa shiri ba ya isa Ruwan Bago, in an saki gaba ɗaya mai shiri ya karye, gobe babu sabon shiri. Dalilin da ya sa YouTube ta karɓu ga masu shirya finafinan Hausa ke nan: tana buɗewa a kusan kowace na'ura mai burauza, kuɗin kuma daga talla yake fitowa ba daga aljihun mai kallo ba. Aibinta shi ne, sana'a guda ta al'umma guda ta dogara ga dokokin kamfanin ƙetare da zai iya sauya su ba shawara.

7.0 Haruffa Masu Ƙugiya a Kan Allo

Shirin talabijin ba hoto da magana kaɗai ba ne, akwai rubutu: sunan shiri, da sunayen ma'aikata, da fassarar da ke bi ta ƙasan allo. Wannan sashe shi ya fi shafar ɗalibin harshe. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko tun ƙarshen shekarun 1930, kuma ba ado ba ne, su suke bambanta ƙafa da kafa, ɓari da bari, ƙare da kare, ɗa da da. Kwamfutocin farko ba su san su ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yi wa maɗaba'u da marubuta babbar rana. Sai dai irin waɗannan haruffa aron gurbin wasu alamomi suke yi, don haka in aka buɗe rubutun a na'urar da ba ta da su, sai ƙugiyoyin su rikiɗe su koma wasu alamomi daban.

Ƙa'idar Unicode, wadda ta fara fitowa a 1991, ta bai wa kowane harafi na harsunan duniya lambarsa ta dindindin, har da ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar a gurbin 'y ta Nijeriya. Manyan manhajojin yau duk sun san waɗannan lambobi, kuma Windows da Android suna da allon rubutu na Hausa. Duk da haka sunayen shirye-shirye da dama a intanet babu ƙugiya ake rubuta su, wani lokaci don sakaci, wani lokaci don tsoron kada mai nema ya rubuta babu ƙugiya ya kasa samu. Uzurin na'ura dai ya ƙare, abin da ya rage na ɗan'adam ne.

Fassarar ƙasan allo iri biyu ce. Akwai wadda ake ƙonawa a jikin hoto, wadda take fita a kowace na'ura amma ba ta ciruwa ba ta gyaruwa, kuma in aka matse hoton domin ƙaramar waya sai ta dagule. Akwai kuma wadda take zuwa a fayil nata daban, irin su SRT da WebVTT, wadda mai kallo zai iya kunnawa ko kashewa ko sauya harshe. Ta biyun ta fi, muddin an adana ta da tsarin UTF-8 na Unicode. In ba haka ba, a gurbin ƙ sai a ga akwati ko alamar tambaya. Yawancin finafinan Hausa da Ingilishi ake yi musu wannan rubutu, Ingilishin ma sau da yawa abin a rufe ido. Da wuya a tarar da wanda aka rubuta maganarsa da Hausa, alhali kurame da masu koyon harshen da yaran da ke koyon karatu duk suna buƙatarsa. Wannan fage ne na aiki da yake jiran waɗanda suka karanci ƙa'idojin rubutu.

8.0 Abin da Ya Kamaci Malami

Malamin da zai yi amfani da shiri a aji ya fara da neman wanda masu shi suka saki a fili, ko ya nemi izininsu, kuma ya tabbatar ba a cikin manhajar waya kaɗai yake buɗewa ba. In shi ne ya ɗauki shirin da kansa, misali wasan da ɗalibai suka yi ko hira da wani makaɗi ko maƙeri, ya adana shi a MP4 mai H.264, domin shi ne tsarin da ya fi shiga tsofaffi da sababbin na'urori. Ya ajiye kwafi biyu, babba domin tarihi, ƙarami domin turawa. Yana da kyau ya riƙe manhajar VLC a memorinsa. Kyauta ce, ɗalibai ne suka fara ta a wata makarantar injiniya a Faransa, tana aiki a Windows da macOS da Linux da Android da iOS, kuma tana tafe da kodek masu yawa a cikinta. Sannan ya gwada shirin a kan ainihin na'urar da zai yi darasi da ita kwana guda kafin ranar, ba a kan wayarsa ba.

9.0 Jinga

1. Bambanta tsakanin babbar manhaja da ƙaramar manhaja, sannan ka kawo wasu kalmomi biyu na Hausa da fasahar zamani ta faɗaɗa ma'anarsu kamar yadda ta yi wa kalmar manhaja.

2. Wace hujja masu ƙorafi suka kafa a kan BBC a 2007? Shin hujjar za ta hau kan gidajen talabijin na gwamnatocin jihohi a Nijeriya? Tattauna.

3. Ziyarci wani shagon mai tura finafinai a garinku. Rubuta sunayen shirye-shirye goma yadda suke a kwamfutarsa, ka gyara su bisa ƙa'idar rubutun Hausa, ka kuma tattaro kalmomin da shi da abokan cinikinsa suke amfani da su wajen ambaton girman fayil da kyan hoto da nau'in waya.